Zirin Bonfim Mai Ruwan Ɗorawa

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar abin da ya faru a bakin kogi, ku yi haƙuri, ga shi mun iso. Wanda kuma yau ya tarar da mu, ya samu wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

Su uku ne. Edvaldo, bakaniken injin jiragen ruwa a unguwar Ribeira ta birnin Salvador. Matarsa Jucélia, ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai bakwaini. Sai 'yarsu Moema, mai shekara tara. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa ƙaunar juna ba. Zama wuri ɗaya suka rasa. In Edvaldo ya dawo daga bakin teku, Jucélia ta saɓi jaka. In ta dawo, shi ya fita. Shekara biyu ke nan, tun da ta haɗa aiki da ƙarin karatu, kullum akwai kujera ɗaya babu kowa a teburin cin abinci.

Shi ya sa da aka gayyace ta taron masu kula da jarirai a birnin Lisbon, can Turai, ta ce ƙafarta ƙafarsu.

Ranar tafiya Kaka Zulmira, mahaifiyar Edvaldo, ta damƙa wa Moema zirin Bonfim guda uku, irin wanda ake samowa a cocin tudun Bonfim: shuɗi na Baba, kore na Moema, mai ruwan ɗorawa na Mama. Duk yaron Salvador ya san ƙa'idar wannan siririn ƙyalle. Ba ka ɗaura wa kanka, sai mai ƙaunarka ya ɗaura maka a wuyan hannu. Ƙulli uku ake yi, kowane ƙulli da burinsa, a zuci, ba a fili ba. Ba a yankewa. Ranar da ya tsinke don kansa, burin ya cika.

"Ku ɗaura wa juna a bakin ruwan can, ku uku, rana ɗaya," in ji Kaka. "Kada wanda ya riga wani."

Yau Juma'a, ranar rufe taro, kuma yau Mama ta yi alkawarin bakin kogi da ƙarfe ɗaya.

*

Mama ta fita tun da sassafe. Baba na zaune a bakin gadon otal, ya zazzage 'yar jakar Moema.

"Moema, zo nan. Ina mai ruwan ɗorawan?"

"Wanne?"

"Na mamarki mana. Ga nawa, ga naki. Na ukun fa?"

Moema ta sunkuya tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Ƙila... ƙila yana jakar Mama."

"Ita ta ɗauka?"

"Ina jin."

"To madalla. Ashe tana sane da mu." Ya yi murmushi, ya zura biyun a aljihun riga.

Ƙarya ce, kuma Moema ta san inda zirin yake.

Ranar Talata, da ƙafar Baba ta kumbura saboda hawan tudu, Mama ta tafi da ita wurin shan shayin 'yan taro. Aka ja Mama gefe ana gaisawa. Wani dogon mutum mai furfura a gefen kunne ya durƙusa a gaban Moema, ya ce shi ne Dakta Gaspar. Moema ta san sunan, don a gida ba ta da wanda ta fi ji a bakin Mama. Ya ba ta kek ɗin madara da ƙwai, ya ce ya taɓa koyarwa wata uku a Salvador, har yau yana kewar ƙosan manja, amma ya baro garin babu wanda ya taɓa ɗaura masa ziri.

Tausayinsa ya kama ta. Ta yi tunani: ai Mama tana da wani tsoho a hannu, wanda Baba ya ɗaura mata tun ranar da ta fara karatu. Mai ɗaya me za ta yi da biyu?

Sai ta ciro mai ruwan ɗorawan.

Sai da suka koma otal ta tuna maganar Kaka.

*

Suka hau taragon lantarki, yana gurnani yana kutsawa lunguna kamar zai goge bangon gidaje. Baba ya kasa kunne wajen ƙasan taragon.

"Kin ji wannan ƙarar? Birki ne. A ba ni yini ɗaya da shi, sai ya koma kamar amarya."

"Baba, kalli gari mana."

"Me zan kalla? Tudu muna da shi. Coci muna da shi. Jiya kika sa muka bi layi don mu hau lif ɗinsu mai kai mutane saman tudu, ai namu na gida ya haife shi."

Wata tsohuwa da ke kusa da su ta harare shi. Ya ɗaga mata hula.

"Ki gafarce ni, uwata. Garinku da kyau. Kifinku ne dai babu yaji."

Tsohuwar ta kasa riƙe dariya.

A kan tudu, inda ake hango jajayen rufin gidaje har zuwa kogi, ya roƙi wani ya ɗauke su hoto. Kamar kullum ya matsa gefe, ya bar fili tsakaninsa da Moema.

"Baba, matso mana."

"A'a, nan wurin mamarki ne. In mun koma sai mu zana ta da biro."

Ya faɗa da dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Ya ciro waya ya kira Mama. Ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ya sake kira. Shiru.

"Tana cikin taro ne, Baba."

"Na sani. Dakta Gaspar na magana, wa ya isa ya ɗaga waya?" Ya ƙanƙance murya irin ta Mama. "'Dakta Gaspar ya ce. Dakta Gaspar ya turo littafi. Dakta Gaspar ya yaba.' Ni kuwa Edvaldo ya ce me? Ya ce abinci ya huce."

Moema ta mayar da kek ɗin da ya saya mata cikin takardarsa.

*

Ɗaya saura suka isa babban filin bakin kogi, suka sauka matakalar dutsen da ruwa ke lasa. Baba ya sa sabuwar rigarsa, har da turare. Yana ta taɓa aljihu.

Ɗaya ta yi. Ɗaya da rabi ta yi.

Moema ce ta fara hango su. Mama na tahowa ta ƙarƙashin babbar ƙofar dutse, tana dariya har da dafe ƙirji, irin dariyar da Moema ta daɗe ba ta ji a gida ba. Dakta Gaspar na gefenta, ya rataya kwat a kafaɗa, ya naɗe hannun riga.

A wuyan hannunsa na hagu zirin na sheƙi a rana.

Moema ta ji hannun Baba ya yi sanyi a cikin nata.

"Vado! Ku yi haƙuri, an ja mu da tambayoyi," in ji Mama, da sunan da take kiran Baba. "Ga Dakta Gaspar, ya matsa sai ya gaishe ka."

Likitan ya miƙo hannu da fara'a. "Malam Edvaldo, na daɗe ina jin labarinka. Ka yi dacen mata. Yau duk zauren tsaye aka tafa mata."

Baba ya karɓi hannun, amma ba fuskar yake kallo ba.

"Na ga alama. Kai ma ka yi dacen ziri, likita."

"Wannan? Kyauta ce mai daraja." Ya kanne wa Moema ido. "Wata 'yar Salvador mai kirki ce ta ɗaura min."

"'Yar Salvador."

"Ƙwarai. An ce kada in kuskura in yanke."

"Kada ka yanke. Mu ma ba ma yankewa. Muna dai jira."

Murmushin likitan ya ɗan rage. Ya dubi Mama, ya dubi agogo.

"To, bari in bar ku da iyali. Zan sha kofi can ƙarƙashin rumfa. Jucélia, kada ki manta, ƙarfe biyar."

Ya tafi. Baba ya bi bayansa da ido har ya zauna.

"'Jucélia,'" in ji Baba a hankali. "Ba ma 'yar sakayawa."

"Sunana ne ai. Me ya same ka?"

"Ina zirinki?"

"Wane ziri?"

"Wanda uwata ta tashi da asuba ta hau tudun Bonfim da ciwon gwiwarta ta samo miki. Mai ruwan ɗorawa."

"Yana wurin Moema mana."

"Moema ta ce yana jakarki."

Mama ta juyo. Moema ta ƙura wa ruwa ido.

"Ban taɓa shi ba, Vado."

"Ba ki taɓa shi ba, amma ya tashi da fiffike ya sauka a hannun mutumin can, ya ƙulla kansa sau uku."

"Kai, tsaya. Me kake nufi?"

"Kin fi ni karatu, ki fassara."

"Ziri nawa ne a duniya? Ko a filin jirgi ana sayarwa!"

"Uwata tana ƙona bakin nata da kyandir don kada ya zare. Na ga bakin nasa, Célia. Idona na hango tsagewar ƙarfe a cikin baƙin mai, ziri ne zai ɓace min?"

"Kwana huɗu," in ji Baba, muryarsa na hawa. "Kwana huɗu ina yawo da yarinya kamar mai tallan gyaɗa. Mun ga hasumiya, mun ga kabarin sarakai, mun ga kifi a cikin gilashi. Duk hoton da muka ɗauka na bar miki wuri. Ashe ke kin samu inda kika tsaya."

"Rage murya, mutane na kallo."

"Su kalla! Ai kallo suka zo yi, ga na kyauta."

"Edvaldo, shekara goma sha biyu, yau ni kake wa wannan zargi? A gaban 'yarka?"

"Ba zargi nake ba, tambaya nake. A garinmu wa ake ɗaura wa ziri? Maƙwabci? Mai gyaran famfo? Faɗa min, ke da kika san komai."

"Ban ɗaura masa ba!"

"To wa ya ɗaura?"

"Ni ce."

Muryar ta fito 'yar ƙarama, sai da Moema ta maimaita.

"Ni ce, Baba. Ranar Talata. Mama ba ta sani ba."

Duka biyun suka juyo.

Ta faɗi komai cikin kuka: kek ɗin, da ƙosan manjan, da yadda ya ce babu wanda ya taɓa ɗaura masa. Ta ce ta ga Mama na da tsoho, shi ya sa. Ta ce da safe tsoro ne ya sa ta yi ƙarya.

Baba ya durƙusa, ya share mata fuska da babban yatsa mai kanta.

"Ke 'yar nan, za ki kashe ubanki a ƙasar mutane." Ya yi wata gajeriyar dariya, ya rufe fuska da hula. "Célia... ni jaki ne. Babban jaki mai turare."

"Ban musa ba," in ji Mama, tana goge ido.

"Ki yafe min."

"Tashi, kana ɓata wandonka."

Moema ta ji kamar an sauke mata dutse. Daɗi ya kama ta har ta so ta ƙara musu abin dariya.

"Kuma Baba, likitan bai ma iya ba! Da ƙarfi ya dinga faɗin burinsa, kowa na ji."

"Kai, Turawa! Me ya roƙa? Gashi?"

"Na farko, a yi ruwa a gonar mamarsa. Na biyu, bayansa ya daina ciwo."

"Na uku fa?"

"Moema, ya isa," in ji Mama da sauri.

Amma ta riga ta fara.

"Na uku ya ce, 'Allah ya sa mamarki ta ce eh.'"

Dariyar Baba ta tsaya cak.

Wani jirgin ruwa ya yi kuka a tsakiyar kogi. Baba ya miƙe a hankali, yana karkaɗe gwiwa.

"Ta ce eh."

"Vado, ba abin da kake tunani ba ne."

"Ban yi tunanin komai ba tukuna. Eh ga me?"

"Yau na yi niyyar faɗa maka. Nan, a wurin nan. Shi ya sa na ce mu haɗu."

"Eh ga me, Célia?"

"Aiki ne. Asibitinsu na buɗe sabon ɗakin bakwaini. Suna so in koyar da ma'aikatan yadda muke kwantar da jariri a ƙirjin uwa. Shekara biyu."

"A ina?"

"A nan."

"Tun yaushe kika sani?"

Mama ta kau da kai ta dubi kogi.

"Tun yaushe?"

"Tun watan Maris."

"Maris." Ya ƙirga da yatsu, kamar mai koya wa kansa. "Wata huɗu kina kwana a gefena da wannan a cikinki. Shi ya sani. Asibitinsu sun sani. Har zirin uwata ya sani. Ni kaɗai aka kawo kallon hasumiya."

"Na so ka ga garin tukuna! Na ce ko zai shiga ranka. Akwai jiragen ruwa a nan, Vado, kalli can, injuna ne birjik. Akwai makaranta mai kyau..."

"Au, ashe ba yawon buɗe ido na zo ba, tallan gari aka kawo ni. In bar rumfata da na gada wurin ubana, in bar uwata da gwiwa ɗaya, in zo in riƙe wa Dakta Gaspar kwat?"

"Ka daina sa shi a ciki! Ba shi nake so ba, aikin nake so!"

"Da shi ne ma da sauƙi. Mutum zan iya shaƙe masa wuya. Wannan fa?" Ya watsa hannu ya nuna filin, da ƙofar dutsen, da tudun da ke bayanta. "Yadda kika shigo kina dariya ɗazu, rabona da in ga haƙoranki haka tun Moema na goye. Ni ban iya sa ki wannan dariyar ba."

"Ban sa hannu a takardar aikin ba tukuna. Sai ƙarfe biyar."

Moema ta ja rigar Baba.

"Baba, ai ya faɗa a fili. In an faɗa a fili ba ya cika. Ko ba haka Kaka ta ce ba?"

Hannun Mama na hagu Baba yake kallo.

Moema ma ta kalla.

Babu komai a wurin, sai wani siririn layi inda rana ba ta taɓa fata ba.

"Ina tsohon?" in ji Baba. Yanzu muryarsa ta yi ƙasa sosai.

Mama ta buɗe jaka. Ta ciro wani ɗan zare da ya koɗe, ba a ma gane launinsa, ƙullinsa uku na nan daram.

"Ɗazu ya faɗi. Ina saukowa daga dandamali, ana tafi."

"Da kansa?"

"Da kansa."

"Ni na ɗaura miki shi."

"Kai ne."

"A kicin, kina kuka kina cewa ba za ki iya karatun ba. Na ce rufe ido ki roƙa." Ya gyaɗa kai. "Me kika roƙa, Célia?"

"Na farko lafiyar Moema. Na biyu taka."

"Na uku?"

Hawaye ya zubo mata.

"Na roƙi a san da ni. A wani wuri da ya wuce ɗakin nan namu, a kira sunana a san abin da na iya. Ban ce Lisbon ba, Vado. Wallahi ban ce ba tare da ku ba."

"Amma ba ki ce tare da mu ba."

Can ƙarƙashin rumfa Dakta Gaspar ya tashi daga kujera. Ya ɗaga wata farar ambulan sama, ya nuna agogonsa, yana murmushi, bai san komai ba.

Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro zirin biyu. Ya durƙusa ya ɗaura wa Moema koren, ƙulli ɗaya, biyu, uku. Ta runtse ido ta roƙi abu ɗaya har sau uku.

Sannan ya miƙe, ya miƙa wa Mama shuɗin, ya tara mata wuyan hannunsa.

"Ɗaura min. Uwata ta ce mai ƙaunarka ne ke ɗaurawa."

Mama ta zagaya masa zirin a wuyan hannu.

Ta yi ƙulli na farko. Baba ya lumshe ido, leɓensa ya motsa.

Ta yi na biyu.

Ta kama bakin zirin za ta yi na uku, sai ya buɗe ido ya dube ta.

"Wannan ba sai na faɗa ba. Kin san shi. Jirginmu ranar Lahadi ne."

Yatsun Mama suka tsaya.

"Jucélia!" Muryar likitan ta taso daga tsakiyar fili, yana tahowa.

Moema ba ta gane zancen asibiti ba, ba ta san tsawon shekara biyu ba, ba ta kuma san abin da ke cikin ambulan ɗin ba. Abu ɗaya ta fahimta: Mama ta ɗaura ƙulli biyu, ta kasa ɗaura na uku.